Amanar Inna a Garin Tsakiya

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Ya jikin Inna? Mu nan lafiya lau, sai aiki da ba ya ƙarewa. Maigidan yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran hoton sabuwar bas ɗin da kake cika mana baki a kanta.

To, magana ta tabbata. Babban likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa a asibitin ido ya duba takardun Inna, ya ce yanar da ta rufe mata idanu za ta ciru, amma kada a ƙara jan ƙafa, don na hagun ya kusa wuce gyara. Ga tikiti nan cikin ambulan. Na so a ce kai za ka rako ta, amma tunda sun hana ka biza ba yadda muka iya. Ni kuma takardun zamana suna hannun hukuma ana sabunta su, in na fita daga ƙasar nan ba za a bar ni in dawo ba. Ke nan Inna ita kaɗai za ta taho, kuma tun da na gane haka abinci ya daina yi mini daɗi.

Yaya, kai direba ne, ka san nisa, amma wannan ba irin wanda ka sani ba ne. A ofishin likita akwai taswirar duniya mai kamar ƙwallo. Rannan na ɗora yatsa a kan garinmu, na nemi inda nake, sai da na juya ƙwallon kafin in gani. Garuruwan biyu ba sa ganuwa tare. Jirgi ɗaya ma ba ya kawo mutum. Na farko zai sauke ta a wani gari da ke tsakiya, ta jira, sannan ta shiga na biyu, shi ne zai ƙetare teku da ita. Daga fitarta gida zuwa in sa ta a idona, wuni ne da kwana. Filin jirgin garin tsakiyar nan kuwa, ni da idona biyu da karatuna sai da na ɓata a cikinsa, na zauna a kan akwati na yi kuka kamar yarinya.

Na sa an rubuta mata keken guragu, ka tuna musu a wurin awon kaya. Maganin hawan jininta ya zama a jakar hannu, kada a jefa shi akwati. A sa mata safa da rigar sanyi, cikin jirgi akwai sanyi.

Ka yi mini amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta, ƙaramar likita,

Takardarki ta iso da tikitin. Kowa lafiya. Antinki ta yi fama da haƙori, an cire, yanzu da gefe ɗaya take yi mini faɗa. Inna tana nan da ƙarfinta, ido ne kawai. Shekaranjiya ta tsaya tana gaida randa, ta ɗauka maƙwabciya ce, da muka yi dariya ta ce randar ta fi mu ladabi.

Na karanta mata wasiƙarki. Da na zo kan keken guragu sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Ni za a tura kamar buhun masara? Ka ce wa Auta idona ne ya mutu, ba ƙafata ba. Ko fata take yi mini?" Gaskiya na goyi bayanta. Matar da har yau take takawa kasuwa ta dawo ba ta nemi kujera ba, ba zan bari a ɗora ta a keke jama'a suna yi mata sannu ba.

Ke kuma kin cika tsoro, tun kina yarinya ƙadangare ma kora ki yake. Shekara nawa na yi a wannan aiki? Tsofaffi nawa aka kawo mini tasha, da makafi, da kurame, da mai jego da jaririnta, wasu ko sunan unguwar da za su ba su sani ba? Ko ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Yadda muke yi shi ne, ka duba cikin fasinja ka zaɓi mutum mai kamala, ka damƙa masa hannun tsohuwa, ka ce ga amana. Shi ke nan. Mutum ɗaya da ya karɓi amana da bakinsa ya fi mini ma'aikata goma masu yunifom. Canjin jirgin da kike ta jinjinawa kuwa, ai canjin mota ne a mahaɗa, kullum yi muke. Ki bar mini wannan ɓangaren, ke ki wasa almakashinki.

Amma bari in gaya miki abin da ban gaya wa Antinki ba. Maganar ƙwallon nan taki ta tsaya mini a rai. Na tambayi wani fasinjana, malamin makaranta, na ce in da akwai titi, kwana nawa zan yi a bas kafin in iso ki? Ya yi dariya, ya ce taya za su ƙare, injin ya ƙare, sannan in tarar da ruwa a gabana. Ban saba da tafiyar da ba zan iya bin sawun mutum ba. Mota in ta lalace ana gangarawa gefen titi a buɗe gabanta. A can sama ina gefen titin yake?

Kada ki wahalar da kanki da wayar ofishin tasha, tun da iska ta kayar da turken layinta ba ta sake magana ba. Ki rubuto.

Yayanki

*

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. A yi wa Anti sannu da haƙori. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutun nan a ɗakin canja kaya.

Laifina ne da ban yi maka bayani ba. Keken ba don ƙafar Inna ba ne. Duk wanda aka rubuta wa keke, ma'aikaci ne zai tura shi har ƙofar jirgi, ya miƙa shi ga masu hidimar cikin jirgin. A garin tsakiya wani ma'aikacin yana tsaye da sunanta a hannu, shi zai kai ta jirgi na biyu, a nan kuma wani ya turo mini ita har gabana. Hannu zuwa hannu ake yi, irin amanar da kake faɗa, sai dai tasu a rubuce take. In ba ta hau keken nan ba, ba wanda ya san da ita. Za a ɗauke ta a matsayin mai ido, mai jin yarensu, mai iya karanta allo.

Kuma don Allah, Yaya, kada ka ba wa fasinja amanarta. Jirgin farko mutanen cikinsa ba gari ɗaya za su ba. A tsakiya ake watsewa, wasu su shiga gari, wasu su nufi gabas, wasu yamma. Wanda ya zauna kusa da ita wataƙila tafiyarsa a nan ta ƙare.

Ka lallashe ta. Ka ce mata doka ce, ka ce mata manyan mutane ake turawa, ka faɗa mata duk abin da ka ga zai shiga kunnenta. Na lissafa ranakun, in gidan waya bai yi nawa ba takardar nan za ta riga tafiyar isowa. In ya yi nawa, ban san yadda zan yi ba. Na gwada wayar tashar duk da ka hana, shiru.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa da albishir. Kowa lafiya, kuma Inna ta tashi yau da hantsi. Ban ga amsarki ba tukuna, na san aiki ne ya riƙe ki. Kafin wannan ta iso ki ma tsohuwa tana ɗakinki tana yi miki faɗan gishiri, amma ina so ki san yadda Yayanki ya yi aikinsa.

Mun isa da wuri. A wurin awon kaya wata ma'aikaciya ta turo keken nan naki. Inna ta shafa hannunsa, ta ja da baya, ta ce a kai wa mai bukata. Ni kuwa tun muna kan layi na riga na yi zaɓina. Wani dattijo ne mai sayar da takalma, fes da shi, ba ya ɗaga murya, na ga har ya matsa wa wata mai goyo ta wuce gabansa. Na ce masa, "Jirgin nan za ka shiga?" Ya ce shi za shi shiga. Na ce, "To ga uwarka, ba ta gani sosai, wurin ƙanwata za ta." Ya ce Allah ya kai mu lafiya. Na kama hannun Inna na ɗora a kan igiyar jakarsa. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko tare suke, na ce tare suke, ta ja layi a takardarta ta mayar da kekenta.

Antinki ta ɗinka mata 'yar jaka mai igiya, ta wuya, wadda za ta shige ƙarƙashin riga. Na ce da zarar an gama duba fasfo da tikiti ta mayar da su ciki, kada ta fito wa kowa da su sai dattijon. Na ce kada ta karɓi ci ko sha a hannun wanda ba ta sani ba, don na ga yadda ake sa wa fasinja magani a lemo a kwashe masa kaya. Mun sa mata burodi da dabino da gorar ruwa. Ta ce, "In masu yunifom ne fa?" Na ce, "Inna, ɓarayin tasha ma suna sa yunifom. Inda ya ajiye ki nan za ki zauna. Ko wa ya ce ki taso kada ki taso, sai in muryarsa kika ji ko tawa." Ta maimaita mini tsaf. Kin san Inna, in ta riƙe magana ta riƙe.

Ba su bar ni na wuce ƙofar gilashi ba. Na tsaya ina kallonta tana bin bayansa, kanta a sunkuye, safar da kika ce ta zame mata a ƙafa ɗaya. Ta ƙanƙance a idona. Na fita wajen shinge na jira har jirgin ya tashi, ya zama ɗigo, na daina ganinsa. Sannan na zauna a kan dakali.

Amma hankalina a kwance yake, mutumin na kirki ne. Gobe da sassafe layina ne, doguwar hanya zan yi, sai wajen mako zan dawo. Ki ajiye mini labari.

Yayanki

*

Yaya,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Inna ba ta iso ba.

Na san kafin takardar nan ta same ka, abin da zai faru ya riga ya faru. Amma in ban rubuta ba kaina zai fashe, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Mun je filin jirgi ni da maigidan, na riƙo mata bargo. Jirgin ya sauka a kan lokaci. Ƙofa tana buɗewa tana rufewa, mutane suna fitowa ana rungume su. Aka turo tsofaffi a keke ɗaya bayan ɗaya, kowace na leƙa fuskarta. Jama'a suka ragu, suka ƙare, masu hidimar jirgin ma suka fito da 'yan jakunkunansu. Sai wani ma'aikaci ya kira mu ciki, ya nuna mini akwatin da ba wanda ya ɗauka. Nata ne, da jan ƙyallen da Anti ta ɗaura a hannunsa. Akwati ya ƙetare teku, mai shi ba ta ƙetare ba.

A ofishinsu suka duba, suka ce ta sauka a garin tsakiya, amma ba ta shiga jirgi na biyu ba. Na ce ina wanda ya tura ta? Matar ta kalle ni ta ce an soke keken tun daga can gida, an rubuta cewa tana da ɗan rakiya. Yaya, wane ɗan rakiya? Wa ka ba?

Sun ce an yi ta kiran sunanta a lasifika. Da wane yare? Inna da ko a gida ba wanda yake kiranta da sunan da ke fasfo. Sun ce masu gadi suna dubawa, amma wurin ya fi kasuwa girma, bene a kan bene, kuma mutane suna kwana a kan kujeru ba wanda ya damu da su. Ba ta shiga gari ba, don ba ta da izini. Wannan kaɗai na riƙe. Amma sai in tuna da matakalar nan mai tafiya da kanta, da ƙofofin gilashi da mai ido ma yake karo da su, da maganinta da ban san ko tana sha ba.

Na je ofishin masu takardun zama na roƙe su su ba ni fasfona ko na kwana biyu ne. Sun ce in cike takarda in jira. Jirgi yana tashi zuwa can kullum, ina ganinsa ta tagar asibiti, ba ni da ikon shiga. Yau da na zo ɗiga wa wata tsohuwa magani a ido sai da aka karɓi kwalbar daga hannuna.

Wayar tasha shiru. Maigidan yana neman lambar wani a unguwarku.

Auta

*

Yaya,

An gan ta. Tana da rai. Amma ba a gama ba, kuma kai kaɗai za ka iya ƙarasawa.

A kan wata kujera take tun ranar da ta sauka, kusa da wurin duba fasfo na masu shiga gari. Duk wanda ya yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Jiya ta zame daga kujerar ta faɗi, aka kai ta ɗakin shan magani na filin jirgin, a nan wata nas ta ga 'yar jaka a wuyanta, da fasfo da tikitinta a ciki.

Sun haɗa ni da ita ta waya. Da ƙyar na gane muryarta. Na ce, "Inna, ni ce Auta." Ta ce, "Na ji ki." Na ce ta ci abin da suka ba ta, ta bar su su sa mata ƙarin ruwa. Ta ce, "Ke ba kya nan, ba ki ga mutanen nan ba. Yayanki ya ce kada in karɓa." Na ce to ta bi su su sa ta a jirgi. Ta ce, "Mutumin ya ce in zauna yana zuwa. Ki ce musu su mayar da ni kujerata, kada ya zo bai same ni ba." Na yi kuka, na yi magiya, na haɗa ta da Allah. Ta ce, "Muryarsa ko ta Yayanki, haka aka ce mini."

Burodinta ya ƙare tuni. Sun ce ta fizge allurar ƙarin ruwan sau biyu, jininta ya hau, kuma ba za su sa ta a jirgi a haka ba. Ba za su ɗaure ta ba kuma.

Maigidan ya samo lambar mai kantin magani na kusa da tasha. Anti ta zo ta yi magana da ni, ta ce kana kan hanya, ba wanda ya san garin da kake. Anti ma ta gwada lallashin Inna, ba ta ji ba. An aika saƙo ta hannun direbobin layinka. Yaya, wace hanya ce wannan da ba ta ƙarewa? Ina jin tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba.

Auta

*

Auta,

A bencin mai kantin magani nake, shi ya ba ni takarda da biro. Mun yi magana ɗazu ni da ke, amma kuka ya cinye rabi, layi ya cinye sauran. Yara lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Saƙon ya same ni a gidan mai, wani direba ya tare ni da fitila, ya ce in bar komai in koma gida, maganar Inna ce. Bai san ko rai ko mutuwa ba. Na juye fasinjana a motarsa na juyo da bas babu kowa a ciki. Ban san yadda na yi tuƙin ba. Da na shigo tasha, 'yan kamasho da kullum suke tsokanata ba wanda ya ɗago kai. Antinki ta miƙo mini wasiƙarki ta maganar keke. Washegarin tafiyar ta iso. Na karanta ta a tsaye.

Da aka haɗa ni da ɗakin shan maganin, na ji ana wani yare, sannan na ji numfashinta. Na ce, "Inna, ni ne." Ta ce, "Ka daɗe." Ta ce mutumin bai dawo ba. Na ce, "Ba zai dawo ba, Inna. Ki ci abin da suka ba ki, ki bar su su sa miki ruwa. In kin ji ƙarfi za su kawo keke, ki hau." Ta ce, "Ba kai ka ce kada in yarda da su ba?" Na ce ni na faɗa, kuma na janye. Ta ce to. To kawai, kamar na aike ta ɗauko ashana.

Sannan ta ce, "Ka zo ka ɗauke ni mana. Ai ba nisa, ni ban ji mun yi wata tafiya ba, zama kawai muka yi." Auta, ga bas a waje, tankinta cike, makulli a aljihuna. Na ce mata, "Ki je wurin Auta tukuna."

Ban ga laifin mai takalma sosai ba, ko da yake in na gan shi ban san abin da hannuna zai yi ba. Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, ina za ka sauka. A tasha ko buhun albasa aka ba ni sai na tambayi inda za a sauke shi.

Kin ce in ta ci abinci jininta ya sauka, za su sa ta a jirgin yau ko na gobe. Wataƙila yanzu haka tana saman ruwan nan, da jikin da bai gama dawowa ba. Ba zan tashi daga bencin nan ba sai kin kira. Mai kanti ya kawo mini shayi ya huce a gabana. Wayar ba ta yi ƙara ba tukuna.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Anti da yara. Ka yi haƙuri da shirun da na yi tun bayan kiran da na yi maka ranar da ta iso. Abin da zan faɗa ba na waya ba ne. Wasiƙarka ta ranar tafiya sai daga baya ta zo, na karanta har inda safarta ta zame, na kasa ci gaba.

Jikinta ya yi kyau, tana ci tana sha. Sai dai aikin bai yiwu a kan lokaci ba, likita ya ce sai jininta ya daidaita, kuma kafin ya daidaita idon hagun ya tafi. Na daman an yi, kuma an dace. Da aka cire bandeji ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ashe kin tsufa." Na yi dariya har da hawaye.

Ta ba ni labarin mai takalma. Sai da suka iso wurin duba fasfo ya karɓi tikitinta ya gane ba gari ɗaya za su ba. Ya ruɗe, layi yana tura shi, ya zaunar da ita ya ce bari ya nemo wanda zai taimaka. Da ya ƙetare shingen ba a dawowa. Har yanzu ba ta yarda a zage shi, ta ce wani abu ne ya same shi.

Ba ta son kujerar jira. A asibiti a tsaye take jiran likita, hannunta a kan gefen rigata. In na shiga wanka sai in fito in same ta a bakin ƙofa.

Makon jiya muna zaune a baranda jirgi ya wuce can sama, ɗan ƙarami, da farin layi a bayansa. Ta ce mene ne wancan? Na gaya mata. Ta bi shi da idon nan nata guda har ya ɓace. Ta ce, "A cikin irinsa na zo?" Na ce biyu ma. Washegari na kai ta ofishin likita duba ido, ta ga ƙwallon, ta ce in nuna mata gida. Na nuna, na juya, na nuna mata nan. Ta sa hannu ta juya da kanta, a hankali, tana kallon shuɗin da ke tsakani. Sannan muka dawo gida.

Na soma yi mata maganar komawa, na ce wannan karon da keke, kuma in takarduna sun fito ni da kaina zan raka ta. Ta ce a'a. Ba faɗa, ba kuka, a'a kawai. Likita ma ya ce da wannan jinin ba zai sa hannu ba yanzu, kuma bai ce yaushe ba.

Jiya da safe ta yafa mayafi ta ce in kai ta inda ake binne mutane a garin nan. Na ce me za ki yi a can? Ta ce gani za ta yi, ai don gani aka kawo ta. Muka shiga bas muka je. Ta zagaya a hankali, ta tambayi ko ana barin 'yan'uwa su zo ziyara, na ce ana bari. Ta durƙusa ta ɗebi ƙasar wurin, ta murza a tafin hannunta, ta ce, "Ba laifi."

A hanyar dawowa ta ce in rubuta maka. Ta ce kada ka sa wa ranka damuwa, ai abin da ka sani ne ka yi. Ta ce ka buɗe ɗakinta, Anti ta ɗauki kwanukan, gadon kwananta a ba babbar 'yarka, sauran kayan ka raba wa maƙwabta tun ba su yi ƙura ba.

Ƙanwarka,
Auta